Shin Ko Kun San? Sipahi: Sunan Barde Da Ya Koma Kan Ɗan Sanda

Mayaƙin da ke kan doki, Bahaushe barde yake ce masa. Wanda ke yaƙi da ƙafarsa kuwa dakare ne, mai kama ɓarawo a kasuwa kuma dogari ne ko ɗan doka. A wasu sassan duniya akwai kalma guda da ta ɗauki nauyin waɗannan mutane uku, wato sipahi. Daga Farisa ta taso, ta ratsa Turkiyya da Indiya, ta shigo Afirka, ta tsallaka har Kudancin Amurka. Duk inda ta yi zango, ma'anarta takan bi wanda yake biyan mai sunan albashi.

FARISA, INDA AKA RAƊA SUNAN

Shin ko kun san cewa asalin kalmar babu ruwansa da doki? A Farisanci sipah na nufin runduna, sipahi kuma ɗan runduna, wato soja kawai, ko a ƙasa yake ko a kan sirdi. Turkawa ne suka ɗora shi a kan doki daga baya.

Shin ko kun san cewa daga wannan saiwa sunan birnin Isfahan ya tsiro? Tsohon sunansa Spahan, ma'ana matattarar rundunoni. Babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta birnin har gobe Sepahan ake kiranta.

Shin ko kun san cewa sarkin yaƙin tsohuwar daular Farisa spahbad ake ce masa? Da can mutum ɗaya ne ke riƙe da rundunar daular baki ɗaya. Kisra Anushirwan, wanda ya yi sarauta daga 531 zuwa 579, shi ya raba muƙamin gida huɗu: gabas, yamma, kudu da arewa. A sojan Iran na yau sepahbod shi ne Laftana-Janar, kuma shi ne muƙamin da aka ƙara wa Ƙasim Sulaimani bayan kashe shi a 2020.

Shin ko kun san cewa idan mutumin Iran ya ce "Sepah" bai ƙara komai ba, dakarun kare juyin juya hali yake nufi, waɗanda aka kafa a 1979? Sojan ƙasa na asali Artesh ake kiransu. Akwai kuma Bankin Sepah, wanda aka buɗe a 1925 da kuɗin fanshon sojoji.

TURKIYYA, INDA SIPAHI YA HAU DOKI

Shin ko kun san cewa Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda fadarta ke Santambul, ta yi ƙarnoni tana riƙe da dubban mahaya ba tare da ta biya su daga baitulmali ba? Sarki yakan ba sipahi harajin wasu ƙauyuka ya ci, abin da suke kira timar. Idan harajin bai kai akce 20,000 a shekara ba, timar ne. Daga nan zuwa 100,000 sunansa ziyamat, abin da ya haura kuma has ne, rabon manyan gwamnoni da 'yan gidan sarauta. Akce ƙaramin kuɗin azurfa ne. Sharaɗin shi ne, ranar da aka yi shelar yaƙi, sipahi ya fito da dokinsa da sulkensa da guzurinsa, kuma gwargwadon girman rabonsa ya zo da wasu mahaya da ya yi wa shiri daga aljihunsa, kamar yadda hakimi kan iso birni da baradensa in sarki ya sa an buga tambari.

Shin ko kun san cewa tun a nan aikin ɗan sanda ya fara manne wa sunan? In babu yaƙi, a karkara sipahi yake zama. Shi ke karɓar ushirar amfanin gona, shi ke samun kaso daga tarar da aka ci masu laifi, shi ke bin sawun manomin da ya bar gonarsa ya gudu. Amma doka ba ta ba shi ikon yanke hukunci ba, wannan na alƙali ne. Ƙasar ma ba tasa ba ce, ta daula ce. In ya ƙi fita yaƙi babu uzuri, a ƙwace a ba wani.

Shin ko kun san cewa akwai wasu sipahi na daban, 'yan fada, masu karɓar albashi? Ɓangare shida ne. Akwai sipahi su kansu, da silahdar masu riƙon makamai, da ulufeci na dama da na hagu, da garib na dama da na hagu, wato baƙin da suka zo daga wasu ƙasashen Musulmi. Tsakaninsu da Janisari, dakarun sarki masu bindiga, kishi ne mai zafi, kuma sarakuna sun sha amfani da wannan kishi su murƙushe boren ɗaya da hannun ɗayan.

Shin ko kun san cewa hatta tsayuwa a fagen fama tana da ƙa'ida? In a Turai ake yaƙin, mahayan lardunan Turai ne ke tsayawa a hannun daman sarki, na Anatoliya a hagu. In a Asiya ne sai a juya. A ranar 29 ga Agusta 1526, a filin Mohac, rundunar Sarki Sulaiman ta karya ta Hungari cikin 'yan sa'o'i, kuma sarkin Hungari Luwis na Biyu ya nutse a rafi garin gudu.

Shin ko kun san cewa bindiga da kuɗi ne suka sauke sipahi daga sirdi? A dogon yaƙin da aka yi da Ostiriya daga 1593 zuwa 1606, shugabannin yaƙin Turkawa sun ga mashi da takobi ba sa iya wa dakaru masu harbi. Fada ta koma neman tsabar kuɗi don ɗaukar 'yan bindiga, sai ta riƙa sayar wa attajirai izinin tara haraji maimakon raba wa mahaya ƙauyuka. Sarki Mahmud na Biyu ya rushe Janisari a 1826, sannan a 1831 ya soke tsarin timar.

Shin ko kun san cewa a yankin Balkan kalmar ta koma nufin mai ƙasa? A harshen Sabiyawa da Bosniyawa spahija shi ne attajirin da manoma ke noma masa gona. Sunayen dangi irin su Spahic a Bosniya, Spahiu a Albaniya da Sipahioglu a Turkiyya duk daga nan suka fito. Wasan jifa da sanda a kan doki da mahayan Turkawa ke motsa jini da shi, mai suna jirit, har yanzu ana yin sa a Erzurum.

INDIYA, INDA YA KOMA DAKARE

Shin ko kun san cewa a Indiya sipahi sauka ya yi daga doki? Kamfanin Ingilishi na Gabashin Indiya ya ɗauki 'yan ƙasa aikin soja, ya sa musu jar riga, ya koya musu fareti irin na Turai, bakin Bature kuma ya lanƙwasa sunan ya koma sepoy. Sepoy sojan ƙasa ne. Mahayi kuwa sawar ake ce masa, ita ma kalmar Farisanci ce.

Shin ko kun san cewa da hannun 'yan Indiya aka ci Indiya? A yaƙin Falasi, ranar 23 ga Yuni 1757, Robert Clive na da mayaƙa kimanin 3,000, kuma kashi biyu cikin uku sepoy ne. Rundunar Nawab na Bengal, Sirajud Daula, ta ninka su sau da yawa, amma sarkin yaƙinsa Mir Jafar ya riga ya ƙulla da Turawa, ya tsaya da mutanensa yana kallo.

Shin ko kun san cewa boren 1857, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan sepoy, mahaya ne suka kunna wutarsa? Raɗe-raɗi ya bazu cewa takardar harsashin sabuwar bindigar Enfield, wadda sai soja ya yage ta da haƙori, an shafe ta da kitsen saniya da na alade. Hindu ba ya taɓa na farko, Musulmi ba ya taɓa na biyu. A barikin Mirat, mahaya 85 suka ƙi karɓar harsashin. Aka yanke musu ɗauri, aka tuɓe musu kaki, aka sa musu mari a gaban 'yan'uwansu ranar 9 ga Mayu. Washegari Lahadi bariki ya kama da wuta. Mahayan suka kwana suna sukuwa, suka ci tafiyar kimanin kilomita 60, suka wayi gari a Delhi a ƙofar tsohon sarkin Mughal, Bahadur Shah Zafar. Bayan an murƙushe boren an kai shi Rangun, inda ya rasu a 1862, kuma tun 1858 gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin Indiya daga hannun kamfanin.

Shin ko kun san cewa har yau sepoy shi ne muƙamin kurtu a sojan ƙasa na Indiya da Pakistan? Takwaransa da ke cikin tankar yaƙi kuma sawar yake amsawa, ko da bai taɓa kama linzami ba. A jihohi irin su Uttar Pradesh da Bihar, ƙaramin ɗan sandan da ke tsaron caji ofis ko ba da hannu a titi, sipahi jama'a ke ce masa. Masu gadin shugaban Indiya, rundunar da aka kafa tun 1773, su kam har yanzu a kan dawaki suke fitowa.

Shin ko kun san cewa sepoy sun bar sawu har Gabas Mai Nisa? Lokacin da Ingilishi suka riƙe Manila daga 1762 zuwa 1764, wasu sepoy sun gudu daga aiki, suka zauna a garin Kainta na Filifin, suka yi aure suka hayayyafa. A Singafo kuwa, ranar 15 ga Fabrairu 1915, wata bataliyar sepoy Musulmi ta yi bore saboda jita-jitar za a tura ta yaƙar Halifan Santambul. An harbe sama da 40 daga cikinsu, sauran kuma aka turo su Kamaru su yaƙi Jamusawa.

AREWACIN AFIRKA, INDA FARANSA TA ARI SUNAN

Shin ko kun san cewa Faransawa a Aljeriya suka tsinci kalmar? Sun tarar da mahayan da ke yi wa gwamnan Turkawa aiki lokacin da suka ci birnin Aljas a 1830, sai suka ɗebi wasu suka ci gaba da kiransu spahi. An ba su matsayin cikakkun sojoji a 1834, kuma a 1845 aka tsara su runduna uku: ta Aljas, ta Oran da ta Kustantin.

Shin ko kun san cewa wanda ya fi kowa suna wajen kafa su bawa ne a da? Sunansa na yanka Joseph Vantini. 'Yan fashin teku suka kama shi yana yaro, ya tashi a fadar sarkin Tunis da sunan Yusuf, ya gudu ya shiga wa Faransawa, har ya kai Janar. Yana cikin waɗanda suka faɗa wa sansanin Amir Abdulƙadir, mai yaƙi da Faransawa a Aljeriya, a ranar 16 ga Mayu 1843.

Shin ko kun san cewa launin alkyabba ne ke nuna ƙasar spahi? Na Aljeriya ja suke yafawa, na Maroko shuɗi mai duhu. Ban da yaƙi, su ne 'yan rakiyar jami'an Faransa da ke mulkin ƙabilu: su kai saƙo, su raka masu haraji, su kamo wanda ake nema.

Shin ko kun san cewa spahi sun tari tankokin Jamus a 1940? Ranar 15 ga Mayu, a ƙauyen La Horgne da ke tsaunukan Arden, runduna biyu, ɗaya ta Aljeriya ɗaya ta Maroko, suka ɗaure dawakansu a baya suka yi ramuka, suka tsare hanya kusan yini guda. Kwamandojin rundunonin biyu duk a nan suka kwanta dama. Wani ayarin spahi na Maroko kuma, ƙarƙashin Kyaftin Paul Jourdier, ya ƙi amincewa da miƙa wuyan Faransa, ya tsallaka Falasɗinu, ya bi ta Sudan, ya afka wa sojojin Italiya da takubba a Umbrega ta Iritiriya ranar 2 ga Janairu 1941. Ana yawan cewa ita ce sukuwar ƙarshe da takobi a tarihin sojan dokin Faransa.

Shin ko kun san cewa runduna ɗaya tak ta rage wa Faransa mai wannan suna? An rushe sauran bayan 'yancin Aljeriya a 1962. Wadda ta saura tana zaune a birnin Valence tun 1984, motoci masu sulke take tuƙawa, ta je yaƙin Tekun Fasha a 1991, an kuma tura ta Mali a shekarun baya. Ranar fareti ne kawai alkyabba ke fitowa.

Shin ko kun san cewa Italiya ta ari sunaye uku a Libiya? Tana da savari, cikakkun sojojin doki, daga kalmar sawar. Tana da spahi, mahayan ƙabilu masu sintirin iyaka da hamada. Tana kuma da zaptie, 'yan sandan ƙasa, daga kalmar Turkanci zabtiyya.

YAMMACIN AFIRKA

Shin ko kun san cewa tun 1843 spahi suka iso Senegal? Wani ƙaramin ayari aka turo daga Aljeriya zuwa Ndar, garin da Faransawa ke kira Saint-Louis, daga baya aka riƙa cike gurbi da 'yan ƙasa. Suna cikin rundunar da ta kashe Lat Jor, sarkin Kayor da ya ƙi yarda layin dogo ya ratsa ƙasarsa, a Dekele cikin Oktoban 1886. An kuma kai su yaƙin Dahomey a 1892.

Shin ko kun san cewa spahi sun taka ƙasar Hausa? Ayarin Voulet da Chanoine, wanda ya yi ɓarnar da har yau ba a manta ba a kudancin Nijar, yana ɗauke da 'yan spahi kaɗan, ko da yake galibin mayaƙansa sojojin ƙasa ne 'yan Afirka. Mutanen ayarin ne suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilun 1899, suka ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu. Bayan sojojinsu sun kashe shugabannin biyu a watan Yuli, ragowar ayarin ya karya baraden Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini, ya shiga birnin. Ayarin Foureau da Lamy, wanda ya ratso Sahara ta Agadas ya iso Damagaram a Nuwamban shekarar, shi ma yana tare da wasu spahi na Aljeriya. Daga nan aka nufi Kusuri, inda Rabe da Lamy suka mutu rana ɗaya, 22 ga Afrilu 1900.

Shin ko kun san cewa jajayen mahayan da ke raka shugaban Senegal magadan waɗannan spahi ne? A 1928 aka soke rundunar, aka zuba mutanenta cikin jandarmomin mulkin mallaka. Bayan samun 'yanci a 1960 suka zama masu gadin fadar shugaban ƙasa a Dakar, da jar hula da jar alkyabba da takobi, kuma har yau ƙarƙashin hukumar jandarma suke.

Shin ko kun san cewa jandarma ma sunan barde ne tun asali? A Faransa ta ƙarni na 15, mahaya masu sulke daga kai har ƙafa ake kira da wannan suna, waɗanda Sarki Sharl na Bakwai ya tsara a 1445. A 1791, bayan juyin juya hali, aka ɗauki sunan aka ba 'yan sandan doki masu sintirin hanyoyin karkara. Ta hanyar mulkin mallaka ya iso Nijar da Kamaru da Cadi, inda jandarma ke tare hanya a yau.

INDA SUNAN YA ZAMA ABIN TSORO DA ABIN ZAGI

Shin ko kun san cewa a Mozambik da Angola sipayo ɗan sanda ne tsantsa? Turawan Fotugal sun koyi kalmar a Indiya, inda suka riƙe Gowa tun 1510. Sipayo baƙar fata ne mai yi wa Baturen gunduma aiki. Shi ke bi gida-gida neman haraji, shi ke kamo maza don aikin tilas, shi ke duba ko an shuka audugar da hukuma ta ɗora wa kowa. Shi ne kuma mai riƙe da wani faifan katako mai huji-huji da ake dukan tafin hannun mai laifi da shi har ya kumbura. Mulkin Fotugal ya ƙare a ƙasashen biyu a 1975.

Shin ko kun san cewa a Kudancin Amurka babu soja ko ɗan sanda a cikin ma'anar kalmar? A Ajantina, in aka ce wa ɗan siyasa ko ɗan jarida sipayo, ana nufin karen farautar ƙasashen waje ne, mai sayar da ƙasarsa don amfanin baƙi. Marubuci Arturo Jauretche, wanda ya rasu a 1974, shi ya fi kowa yaɗa wannan amfani. A yankin Bask na Sifen kuma, masu neman ɓallewa sukan jefi 'yan sandan yankin, waɗanda aka kafa a 1982, da kalmar zipayo, wato 'yan gida masu yi wa Madrid aiki. Daga barikokin Indiya zagin ya samo tushe, inda ɗan ƙasa ya karɓi albashin baƙo ya juya bakin bindiga ga danginsa. Hausawa dai sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.